Ɗan Wane Ne?

A watan nan magana ta zo gaban kwamitin masallaci, ba za mu kama suna ba. Yaro mai salla, mai neman na kansa, ya nemi aure a nan Sabo, baffannin yarinya suka ce a'a. Dalili? Wai gidansu mahauta ne.

Zaman Ibadan ya nuna mana kowa da ma'auninsa. Bayarabe shekaru ya fi dubawa, shi ya sa za ka ga mai kuɗi ya zube yana gaida tsoho. Ibo kuwa abin da mutum ya tara da guminsa. Mu maza Hausawa asali muke tonowa: ɗan sarauta ne, ɗan malamai, ko ɗan fawa? Matanmu ba su cika damuwa da wannan ba. Uwar yarinyar da uwar yaron adashinsu ɗaya, biki ba ya wuce su. Ba mu ce mata ba su da nasu ba, uwargida da amarya sun sani.

To mu tuna Salim, 'yantaccen bawa, Allah Ya yarda da shi. Shi ya riƙa yi wa Muhajirai na farko limanci a Kuba, har da Sayyidina Umar a bayansa, don ya fi su haddar Alƙur'ani. Abu Huzaifa, Baƙuraishe, ya aurar masa da 'yar ɗan'uwansa. Su ma baƙi ne a garin, kamar mu.

Liman zai zauna da baffannin bayan La'asar ranar Lahadi. Mun roƙi a ji ta bakin uwar ma.