Waƙa a Bakin Wa Ta Fi Daɗi?

Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Maganar ta zauna daidai idan Shata ake nufi, ko Ɗanƙwairo, ko Barmani Choge, domin kowa ya san mai waƙar. Amma akwai waƙar da mata arba'in ke rerawa tare, wadda in ka tambayi mai ita ba wadda za ta ɗaga hannu. Irinta ce waƙar Zumuntar Mata, ƙungiyar matan aure ta majami'u, wadda mu mazauna Katabu, Musulminmu da Kiristanmu, muka saba jin tana ƙetaro katanga ranar Lahadi ko da yammacin ranar koyon waƙa, tana gogayya da ƙarar tirelolin Mararrabar Jos. A cikin wannan waƙa akwai wata tambaya da ta shafi kowa, har wanda bai taɓa leƙa majami'a ba.

Mu ƙaddara wata dattijuwa da ta shekara talatin a cikin zumunta. Da ƙuruciyarta ita ke ba da waƙa, sauran na amsawa. Yanzu murya ta fara rawa, numfashi ya gajarta, wani sa'in ta riga sauran shiga, wani sa'in ta makara. Ga babban taro yana tafe, majami'u da yawa za su hallara, za a ɗauki bidiyo a watsa a Facebook da WhatsApp. Sai matasan cikinsu suka fara raɗa: da ma Mama za ta zauna a benci ta riƙa tafi kawai. To, me ya kamata shugabar zumunta ta yi? Ta je ta durƙusa ta ce, "Mama, wannan karon ki huta"? Ko ta bar ta a sahu, waƙar ta fito da ɗan tabo?

Masu son a zaunar da ita suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa abin da za a miƙa wa Allah ya kamata ya zama mafi kyau. Suna cewa sauran mata talatin da tara sun bar girki da kasuwa da goyo sun yi makonni suna bita, don haka zalunci ne a bar mutum ɗaya ta rage wa wahalarsu armashi. Har ma sukan ƙara da cewa barin ta don tausayi kaɗai wani nau'in raini ne, kamar a riƙa yaba tuwon da kowa ya san ya yi gudaji. Duk wanda ya taɓa yin aikin haɗin gwiwa, a gona ko a ofis, ya san zafin ɗaukar nauyin wanda ba ya iya ɗaukar nasa.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mu tambayi abin da ya tara matan tun farko. Labarin da ake bayarwa shi ne Zumuntar Mata ta samo asali a Miyango, kusa da Jos, a 1930, bayan wata mace ta kusa rasa ranta wajen haihuwa. Matan majami'ar mishan ɗin SIM, wadda daga cikinta ECWA ta fito a 1954, suka yi karo-karo suka sayi keke domin a riƙa hanzarta kai marar lafiya wurin magani. Daga nan abin ya bazu, har ya zama yau ana samun zumuntar a ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Katolika, ya ƙetara har Maraɗi. Ke nan taimako ya riga waƙa zuwa. Har gobe aikin zumunta ya haɗa da dubiyar marar lafiya, barkar haihuwa, zaman makoki, da tara wa gwauruwa abin sa wa a tukunya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma matan nan sun ɗauki maganar da gaske.

Salon waƙar ma yana da abin faɗa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma waƙoƙin sujada na farko fassara ce da aka ɗora kan karin Turawa. Matsalar ita ce Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Kukan hawaye da kukar miya harufansu ɗaya, karin furuci ne ke raba su. Idan aka tilasta wa kalma bin karin da aka tsara a Ingila, sai ta fito a karkace. Matan zumunta suka bi wata hanya. Suka ɗauko tulu da caki da kuge da ganga, suka tsara waƙoƙinsu bisa bayarwa da amshi, irin na gaɗa da na daka da na amada. Mai bayarwa ta jefa layi, sauran su cafe. Wannan tsari ba ya buƙatar takarda, ba ya buƙatar wadda ta yi makaranta. Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara da Bahaushiya duk sukan tsaya a sahu ɗaya, kowa da irin lafazin Hausarta. Waƙa ce da aka gina ta da ƙofa a buɗe.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta, akwai abin da aikin sauti ya koya mana wanda ya shiga wannan magana kai tsaye. Ɗauki muryar mace ɗaya, mafi zaƙi a garin, ka naɗe ta a kwamfuta, ka kwafa ta sau arba'in, ka kunna duka lokaci guda. Abin da za ka ji mace ɗaya ce da ƙara mai yawa. Ba za ka taɓa jin taro ba. Idan masu haɗa sauti suna son murya ɗaya ta yi kama da ta jama'a, dole su ɓata kwafin da gangan: su jinkirta wannan da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, su ɗaga wancan kaɗan, su sauke wani kaɗan. Wato kaurin nan da ke sa tsigar jiki tashi idan zumunta ta ɗauki amshi, daga saɓanin muryoyin yake fitowa. Siririya da kakkaura, sabuwa da tsohuwa, mai kaifi da mai dishi-dishi, su ne zaren da aka saƙa zanen da su.

Akwai kuma lissafin ƙara. Muryoyi goma masu ƙarfi ɗaya ba sa kai wa kunne ninki goma na murya ɗaya. Kusan ninki biyu kunne ke ji. Ma'ana, abin da kowace mace ke ƙarawa a yawan ƙara kaɗan ne, abin da take ƙarawa a launi shi ne babba. Haka kuma ɓarnar da murya ɗaya mai rauni za ta yi a cikin arba'in ba ta kai yadda masu raɗa ke zato ba.

To me ya sa kunnenmu ya zama mai saurin ƙyama? Muna ganin na'ura ce ta yi mana tarbiyya. Tun da manhajar Auto-Tune ta fito a 1997, ta zama tana jan kowace murya zuwa daidai ma'auni, kuma duk mai sauraron waƙoƙin finafinan Hausa ya san wannan sautin sumul da ba shi da ƙura. Wayar da ke hannunmu ma an tsara ta ne ta ware murya ɗaya ta ɗauki sauran a matsayin hayaniyar da za a danne. Wanda ya shekara ashirin yana shan irin wannan sauti, in ya ji muryar tsohuwa tana rawa sai ya ɗauka kuskure ne da ya kamata a goge. Mu masu rubuta manhaja mun fi kowa sanin cewa abin da na'ura ta kira hayaniya, mutum ne ya zauna ya yanke mata cewa hayaniya ne.

Sai batun numfashi. Idan amshi ya yi tsawo, ba macen da za ta iya riƙe shi daga farko har ƙarshe da shaƙa ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne wannan ta saki ta shaƙi iska yayin da ta kusa da ita ke riƙe, sannan su yi musaya. Mai sauraro yana jin sauti ɗaya da bai yanke ba, alhali kowace mace a sahun ta yi shiru a wani wuri. Haka muke gina manyan shafukan intanet: ba ma dogara da kwamfuta ɗaya komai ƙarfinta, sai mu jera da yawa domin in ɗaya ta tsaya sauran su ɗauka. Ƙungiyar waƙa ta riga mu gano wannan. Kowace mace a cikinta ana rufa mata asiri sau da yawa a waƙa guda, har da gwanar da ke ganin ita ke ɗauke da kowa.

Amma kada a ɗauka muna cewa kowane irin saɓani ado ne. Saɓani yana da iyaka, kuma shekarar 2020 ta nuna mana inda iyakar take. Da aka rufe masallatai da majami'u a Kaduna a watan Maris na shekarar saboda korona, ƙungiyoyin waƙa a duniya sun gwada rerawa tare ta intanet, abin ya gagara. Dalili shi ne jinkiri. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, don haka muryar wadda ke nesa da ke da mita goma tana iso miki bayan kusan kashi 30 cikin 1000 na sakan. Kunne yana jure wannan. Jinkirin kiran bidiyo kuwa yakan ninka haka sau da yawa, sai kowa ta riƙa jiran kowa, waƙa ta wargaje. Waƙar taro tana rayuwa ne a ɗan tsakanin nan: a bambanta, amma a kusa. Dubi lugude. Mata uku a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacinta, kuma daɗin ya dogara ga kowace ta san lokacin da za ta ɗaga hannu ta ba 'yar'uwarta wuri. Wadda ta rufe kunnenta, komai ƙarfin damtsenta, sai ta fasa wa wata yatsa.

A nan ne muke ganin amsar take. Abin da ke ba mace wuri a sahun zumunta kunne ne da ƙafa: tana zuwa bita, kuma tana sauraron na kusa da ita. Idan aka auna da wannan ma'auni, sau da yawa dattijuwar nan ta fi cancanta da wata matashiya mai zaƙin murya wadda ba ta zuwa sai ranar da za a ɗauki bidiyo, kuma in ta zo sai ta haye kan kowa don a ji ta. Tsohuwar murya tana ɗan rage sheƙi, amma muryar da ba ta saurare ita ke raba sahu biyu.

Wannan bai sauke wa kowa nauyi ba. Shugaba tana da dabaru kafin ta kai ga benci: ta tsayar da Mama tsakanin mata biyu masu ƙarfin murya, ta sauke waƙar ƙasa kaɗan yadda kowa zai kai, ko ta miƙa mata tulu, tunda hannun da ya shekara talatin yana bugu ba ya ɓata lokaci. In kuma faifai za a naɗa a situdiyo, inda mutum goma kawai ake bukata, sai a faɗa a fili cewa wannan aiki ne dabam, a zaɓi goman ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ita ma Mama akwai nata. Sauraro ya haɗa da jin lokacin da muryarki ta canja. Girmanta ne ta kira wata yarinya ta ce, "'Yata, zo ki karɓi bayarwa, ni zan koma amshi." Wadda ta yi haka ba ta fita daga waƙa ba, wuri ta canja a cikinta.

Abin da ya sa muka ɗauki maganar da nauyi shi ne akwai ranar da ba a neman zaƙin murya. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan majami'ar EYN, kuma a watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatar majami'ar a Kwarhi. Duk da haka matan zumuntar EYN ba su daina waƙa ba; a 2015 ma wata tawagarsu ta zagaya Amurka tana rerawa. A nan Kaduna, rikicin 2000 da na 2002 sun sa kogi ya zama kamar iyaka, iyalai da yawa suka ƙaura, Kirista zuwa kudu, Musulmi zuwa arewa. Zumuntar da ta rage a wannan ɓangaren namu ta san darajar kowace ƙafa da ke takowa. A gidan makoki, da tsakar dare, ba mai ɗaukar bidiyo. Wadda za ta zauna kusa da mai takaba ta ɗauko waƙar da ta dace, galibi ita ce mai rawar muryar nan, domin ta binne nata ta san inda ke ciwo. Ƙungiyar da ta zaunar da ita saboda taron kwana ɗaya za ta neme ta a wannan daren.

Ko ba mu taɓa rera komai ba, kowannenmu yana cikin wani sahu: gida, unguwa, wurin aiki, ƙungiyar adashi. Kowane sahu yana da wanda ƙarfinsa ya fara raguwa, kuma in rai ya yi tsawo layin zai zo kanmu. Abin da muka yi da mai rauni a yau shi ne dokar da muka rubuta wa kanmu ta gobe. Karin maganar da muka faro da ita ba ta yi ƙarya ba, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai waƙar zumunta masu ita arba'in ne, kuma in aka cire ɗaya don a gyara sauti, an rage masu ita, an kuma koya wa sauran talatin da tara cewa wurinsu aro ne.