Idan Mai Shaida Ya Ƙi Zuwa

A bakin titin Kachia, daidai Mahuta, inda ake hango tankokin matatar mai ta Kaduna, ba a rasa laimar mai POS da mutum ɗaya ko biyu tsaye a gefenta sun zuba wa waya ido. Kuɗinsu na cikin asusu, sunansu ne a kai. Abin da ya tsare su lamba shida ce da banki ya ce ya turo, ita kuwa ta ƙi isowa. A danna a sake turowa, a ɗaga waya sama kamar mai neman jinjirin wata, a matsa gindin bishiya. Can bayan minti goma sai saƙo uku su faɗo tare, dukkansu wa'adinsu ya wuce.

Wani ya ce ƙaddara ce, wani ya tsine wa sabis. Akwai kuma dattijon da abin ya fi ƙona wa rai ta wata fuska: a ce shi da gumin kansa, sai wata na'ura ta yarda cewa shi ne shi?

Dattijon na da uzuri, amma neman shaida ba cin fuska ba ne, kuma masallatai da coci-cocin Mahuta sun haɗu a kan haka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, maganar bashi take yi: a rubuta shi, a kafa shaidu, ko da kuwa tsakanin masu imani ne. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 19, ya hana a yanke wa mutum hukunci da bakin mai shaida ɗaya, sai biyu ko uku. Banki ma shaidu biyu yake nema, wato lambar sirrin da ke kan mutum da layin da ke hannunsa. Don a ƙarfafa shaidar aka fito da BVN a 2014, sannan a Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira.

Matsalar tana wajen halin wannan mai shaida. Malaman fiƙihun Malikiyya ba su karɓar shaidar kowa da kowa. Sai adali, mai hankali, wanda ya san abin da yake faɗa, kuma in alƙali bai san shi ba sai a kawo masu tsarkake shi. Layin waya ko ɗaya bai cika ba. Ba ya ganin fuska, ba ya gane murya, duk wanda ya riƙe shi shi yake yi wa shaida. Ɓarawon da ya fizge waya a tasha ya zare sim ya sa a tasa, lambar gare shi za ta je, da gudu ma. Ɗan damfarar da ya bugo da murya mai sanyi, wai daga banki, ya ce a karanto masa lambar da ta shigo yanzu, sayen mai shaida yake yi da baki. Layin da aka bari ya daɗe a kwance kuwa kamfani kan sake sayar da shi, sai saƙon asusun wani ya riƙa faɗawa aljihun baƙo.

Da can, falken da ya kai shanu Sabo ta Ibadan ko ya je sayen goro Kumasi yakan sauka wajen maigida a zango. Maigidan ne yake tsaya masa, ya ce na san shi, na san ubansa, in kuma aka ci amana mutuncinsa ne a kan faifai. Ba a taɓa jin sim ya ji kunya ba.

Ayar nan ta Baƙara ba ta tsaya kan kafa shaidu ba, ta kuma hana su ƙin zuwa idan an kira su. Lambar da ta maƙale a hanya mai shaida ne da aka kira bai zo ba, kuma kafin a ɗora wa ƙaddara ya kamata a duba wa ya tare masa ƙofa. Sau da yawa mai wayar ne da kansa. Ya gaji da saƙon talla ya tura STOP zuwa 2442, tsarin da hukumar NCC ta kawo a 2016, ya manta cewa wasu saƙonnin tabbatarwa ta hanyar talla ake aiko su. A wasu layukan, tura ALLOW zuwa lambar yakan buɗe ƙofar. Ko wayar ta cika maƙil da hotunan biki. Ko saƙon yana kwance a akwatin da waya ke jefa abin da take zargi. Ko kuma, wanda ya fi ban dariya, lambar da banki ya sani tana cikin tsohon sim da aka bar wa ƙanwa a gida. Kashe waya a kunna, ko a yanke sabis a mayar, yakan farkar da layin da ya yi barci. Danna maɓallin sake turowa sau goma kuwa ƙara dagula lamarin yake, domin sabuwar lamba kan kashe ta baya, wani tsarin ma ya kulle mutum na ɗan lokaci. In lambar WhatsApp ce ake jira, akan ba da zaɓin a kira mutum a karanto masa. Hadisin mai raƙumin da aka ce ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah sananne ne, kuma ɗaurin wannan zamani bai wuce haka ba.

Amma akwai ranar da mutum ya ɗaure komai, mai shaidar bai zo ba. A ƙarshen Satumbar 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, ba a mayar ba sai ƙarshen Nuwamba. Wanda ke ciki ba shi da laifi, ba shi kuma da hanyar nuna cewa shi ne mai asusunsa. Haka ɗalibin da zai rubuta JAMB, wanda sai ya tura NIN zuwa 55019 ya sami lambar da zai yi rajista da ita. In ta ƙi zuwa, shekararsa ce a kan siraɗi. Cewa irin waɗannan su yi haƙuri kawai, ƙaddara ce, rufa wa masu sakaci asiri ne. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai amana tambaya ba.

Banki da kamfanin waya su suka zaɓi wannan mai shaida, su suka ce ba a jin maganar kowa sai tasa, don haka rashin zuwansa a wuyansu yake. Alƙalin da mai shaidarsa ya ɓace ba ya kore mai haƙƙi, wata hujjar yake nema. Hoton yatsa da na fuskar dattijon Mahuta suna ajiye tun ranar da ya yi layin BVN. Wajibi ne a buɗe masa wata ƙofa da su, kusa da gida, ba sai ya biya kuɗin mota ya haye kogin Kaduna ya wuni a harabar banki ba.