Jakar Inna

Tun da aka gano sankarar fata a tafin ƙafar Inna, duk ɗan dubiya da abin da zai riƙo mata. Wannan ya zo da jiƙo, wancan da garin ganye. Babban ɗanta kuwa daga Ingila ya aiko da kwalabe uku na furobayotik, ƙwayoyin nan da ake sha don gyaran hanji. Kowa so ne ya sa shi.

Ranar ƙarin ruwa na uku, autarta ta juye jakar magungunan gaba ɗaya a teburin likita. Ya ɗauki kwalba guda, ya daɗe yana karanta bayanta.

"Inna, wa ya rubuta miki wannan?"

"Ɗana ne, likita. Da tsada ya saya."

"Allah ya yi masa albarka. Amma maganin da muke ɗura miki duk mako uku ba shi ke kashe cutar da kansa ba. Garkuwar jikinki yake kwance wa dabaibayi ta yi yaƙin, kuma ƙananan halittun da ke hanjinki suna da hannu a ciki."

Sai ya ba su labarin binciken da aka fitar a 2021 daga asibitin MD Anderson na Amurka, kan masu sankarar fata da ke karɓar irin wannan magani. Waɗanda ke cin aƙalla giram 20 na faiba a rana, wato dusa-dusar hatsi da wake da ganye, sun fi daɗewa cutar ba ta ci gaba ba. Mafi dacewa a cikinsu su ne waɗanda ba sa shan furobayotik. Da aka gwada a kan ɓeraye ma, waɗanda aka ba furobayotik ƙarinsu ya fi girma.

"To me kike ci yanzu?"

Auta ta sunkuyar da kai. Wata biyu ke nan sun hana Inna tuwon dawa da ɗanwake, wai abincin mai lafiya ne. Shayi da farin burodi da farar shinkafa kawai suke ba ta.

"A mayar mata da wake da gero da kwaɗon zogale, a hankali, kada ciki ya kumbura. Kuma ko bitamin ne, kada ta haɗiya sai na gani."

Inna ta dubi auta, ta yi murmushi karon farko a ranar.

"Kin ji ko? A jiƙa wake yau. Yayanki kuma ni zan kira shi da kaina, kada ransa ya ɓaci."