Bashin da Ke Kan Wanda Ya Tsira

A ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Dubban ɗaliban Nijeriya, cikinsu har da 'yan mata da yawa daga jihohin Arewa, suka wayi gari cikin ƙarar bindigogi. Aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki cikin hamada suna jiran izinin ƙetarewa. Rukunin farko ya sauka a Abuja ranar 3 ga Mayu.

Iyaye sun yi murna, hakan kuwa daidai ne. Amma ina labarin maƙwabciya 'yar Sudan wadda ta shayar da 'ya'yanmu ruwa, ita da ba jirgin da zai zo ɗaukarta? Laifi ne a tafi a bar ta?

Gudun ceton rai ba laifi ba ne. Yusufu ma ya gudu da Maryamu da jaririn zuwa Masar. Sai dai fasfo ne kaɗai ya raba mai tafiya da mai zama, ba fifikon daraja ba. Don haka wanda ya tsira, bashi ya hau kansa.

A ina za a biya shi? A nan Bauchi. A 2014, sa'ad da Boko Haram ta kama Gwoza da Mubi, gwauraye da marayu sun gudo garin nan, waɗansunsu suka zama maƙwabtanmu. 'Yan'uwa, mudun masara, ko ɗakin kwana, ko kuɗin makarantar maraya guda, da su ake rage wannan bashi.