Idan Likita Ya Ce Saura Maganin Gwaji

An aiko mini tambaya daga nan Wagini: dattijo ne sankarar babban hanji ta bazu masa har hanta, magungunan da aka saba sun daina aiki, likita ya ce akwai haɗin magunguna da ake kan gwadawa. 'Ya'yansa sun rabu biyu. Wasu na cewa ƙin karɓa kisan kai ne, wasu na cewa karɓa rashin tawakkali ne.

Amsata: karɓa halas ne, ƙi ma halas ne, kuma zaɓin na mai ciwon ne.

Neman magani sunna ce, amma yana wajaba ne idan ana kyautata zaton waraka kuma barinsa halaka ne. Na gwaji bai kai nan ba. Annabi (SAW) ya bai wa mata mai farfaɗiya zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri, bai zarge ta ba.

Gwaji na iya amfani. A 2023 an fitar da sakamakon gwajin SUNLIGHT a kan mutum 492 masu irin wannan ciwo. Waɗanda aka haɗa wa Lonsurf da bevacizumab, rabinsu sun kai kusan wata 11, masu Lonsurf kaɗai wata 7 da rabi. Ba waraka ba ce fa, wata uku ne. Amma wata uku na isa mutum ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar 'yan'uwa. Ajali kuwa yana hannun Allah.

Sharaɗi shi ne gaskiya. Ba mu manta Kano ba, 1996, lokacin sanƙarau, da aka yi gwajin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a fahimtar da su ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta shardanta yardar mai cikakken hankali kafin a yi bincike a jikinsa.

To mu kanmu fa? Mukan ɓoye wa tsoho ciwonsa, mu sayar da gonar da marayu za su ci, mu yi ta jigila da shi Katsina zuwa Shika, ba wanda ya ce, "Baba, me kake so?" Wannan ba jinƙai ba ne. Ku zauna da likita a gabansa, ku tambayi amfani, illa da kuɗi, sannan ku bar shi ya yi istihara.

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani.