Ƙurar Silin Gidanmu, Huhun Wa Za Ta Shiga?

Bayan rasuwar mahaifinmu, gidan da ya bari ya dawo hannunmu, ni da 'yan uwana. Tsohon gini ne na shekarun 1970, silinsa irin farin allon nan da kowa ke kira asbestos. Yoyon damina ya ɓata wasu, wasu sun tsage, sai muka yi shawarar a sauke su duka a yi POP. Kafinta ya zo ya duba, ya ce aikin kwana biyu ne: zai kawo yara biyu su farfasa, mai kura ya kwashe zuwa bola. Na tambaye shi ko yaran za su rufe hanci. Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, yaushe ƙura ta taɓa kashe lebura?" Na yi shiru, domin na san wannan ƙurar tana kisa, na kuma san shi bai sani ba.

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa. Zare-zare gare shi sirara ƙwarai, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga arha. Shi ya sa aka daɗe ana cakuɗa shi da siminti ana yin allon silin da na rufi da bututun ruwa. Muddin allon yana nan lafiya ba a taɓa shi ba, zaren yana ɗaure cikin simintin, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka sa masa guduma ko zarto, ranar zaren ke tashi cikin iska. Ido ba ya ganinsa, ba shi da wari. In ya shiga huhu sai ya zauna. Bayan shekara 20, ko 30, ko 40, yana iya zama tabon huhu mai hana numfashi, ko kansar huhu, ko wata kansa da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhun, wadda har yau da wuya a warke daga gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane irin asbestos yana jawo kansa. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Ostireliya a ƙarshen 2003, Tarayyar Turai a 2005.

To ga inda ƙullin yake. Ni ina so in fitar da wannan abu daga kan 'ya'yana, kuma niyyata mai kyau ce. Amma lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne lokacin fitarwar. Ranar aikin zan kwashe iyalina zuwa gidan ƙanwata, in bar yaro ɗan shekara 19 a rufaffen ɗaki da guduma. Da yamma zai koma gida da ƙurar a rigarsa, uwarsa ta kakkaɓe ta wanke. An sha samun matan da wannan ciwo ya kama ba su taɓa shiga masana'anta ba, wankin kayan aikin mazajensu kawai suka yi. Gutsattsarin kuma za su tafi bola, inda yara ke tono. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A wannan aikin ni zan ɗebo, bakin wani zai ƙone.

Zuciya ba ta rasa uzuri. Na farko da ta kawo mini shi ne, ai da yardarsa, ba wanda ya tilasta shi, kuma zan biya shi ladansa. Sai dai yarda tana tsayawa a kan abin da mutum ya sani. Yaron ya yarda ya sayar mini da ƙarfinsa na kwana biyu, a kan farashin kwana biyu. Bai yi ciniki da ni a kan numfashinsa na ranar da zai kai shekara 50 ba. In na san abin da ke cikin allon na yi gum, na karɓi abin da ba a sayar mini ba.

Uzuri na biyu ya fi ƙarfi, domin akwai gaskiya a cikinsa. Shaƙa ta kwana biyu ba lalle ta kashe kowa ba, haɗarin yana ƙaruwa ne da yawan shaƙa da tsawon lokaci. Amma lebura ba a gidana kaɗai yake aiki ba. Yau nawa, jibi na maƙwabcina, wata mai zuwa wata tsohuwar makaranta. Kowane mai gida zai ce nasa kwana biyu ne kawai, kuma kowa ya faɗi gaskiya. Ranar da ciwon zai bayyana, ba likitan da zai iya cewa daga gidan wane zaren ya fito, ba alƙalin da zai kira ni. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni: cutarwar da aka rarraba ƙanana-ƙanana, aka jinkirta ta shekara 30, har ta zama ba ta da mai ita. Rashin mai kama ni bai sauke mini kasona ba.

Uzuri na uku shi ne kuɗi, kuma a nan labarin birnin Kanbera na Ostireliya yake zuwa mini. Tsakanin 1968 da 1979 wani kamfani da aka fi sani da Mr Fluffy ya riƙa hura sakakken asbestos cikin rufin gidaje don tare sanyi, irin da ya fi allon siminti haɗari nesa ba kusa ba. Gidaje kusan 1,000 abin ya shafa. Daga ƙarshen shekarun 1980 gwamnati ta bi gida-gida ta kwashe, mutane suka ci gaba da zama da saye da sayarwa da gyare-gyare. Daga baya aka gano zaren ya riga ya sauka cikin bango da ƙarƙashin daɓe. A 2014 hukumar yankin ta yanke shawarar saye gidajen ta rushe, da rancen dala biliyan ɗaya ta Ostireliya daga gwamnatin tarayya. Mu ba mu da irin wannan aljihun. Abin da za mu ɗauka daga labarin shi ne, aikin da aka yi rabi-rabi yana barin cutar ya tafi da tsoron, sai mutane su saki jiki da abin da ke nan daram.

Kuma yawancin abin da ake buƙata a irin silinmu bai fi ƙarfin mai gyaran gida ba. Allon da bai tsage ba, sau da yawa barinsa ya fi alheri: a shafa masa fenti ba tare da kankarewa ba, kada a huda shi. Wanda dole a sauke, a jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum. Kada a yanka da inji, kada a share busasshiyar ƙura da tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Masu aikin su sa takunkumi mai tace ƙura da ke kama fuska sosai, domin na kyalle ba ya tare wannan zaren, kuma kada su tafi gida da kayan aikin a jikinsu. A naɗe allunan da leda mai kauri, a tambayi hukumar muhalli inda za a kai. Ba kowane farin allo ne yake ɗauke da asbestos ba, amma ido ba ya bambancewa, saboda haka tsoho a ɗauke shi a matsayin mai shi har gwaji ya nuna akasin haka. In kuma gidan za ka sayar ko za ka ba da haya, ka faɗa, kamar yadda za ka so a faɗa maka aibin motar da za ka saya.

Mu dai ɗaki biyu muka sauke, sauran muka yi wa fenti. Aikin kwana biyu ya koma huɗu, na biya na huɗun. Na zaunar da yaran na gaya musu abin da na sani. Ɗaya ya saurara, ɗayan yana ta murmushi, da alama ya ɗauke ni ɗan boko mai tsoron banza. Wani maƙwabci ya roƙi allunan zai rufe akurkin kajinsa, na hana shi, na faɗa masa dalili, ya tafi yana ganin rowa ce. Har yanzu gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Kafintan kuwa, rannan na gan shi a wani gida a bayan layinmu. Guduma ce a hannun yaransa, ƙura ta turnuƙe taga. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya saurare ni, yana sanye da takunkumin da na saya masa.