Gyaran Tsohon Gida: Son Duniya Ne Ko Riƙon Amana?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan wani al'amari ce wanda kowane magidanci ya san ɗacinsa, amma ba kasafai ake kawo shi zauren karatu ba, watau ɗawainiyar gyaran tsohon gida, wadda ba ta ƙarewa, kuma kowace shekara kuɗinta sai ƙaruwa yake yi.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne gidanmu na gado da ke Marnona, a ƙasar Wurno, wanda kakanmu ya gina da tubali da azara. A damanar bara katangar da ke tsakaninmu da maƙwabci ta sha ruwa ta karkata, sa'an nan ɗakin gwaggonmu, wadda rasuwar miji ta maido gida, ya shiga yoyo har ta riƙa kwana tana tarar ruwa da ƙwarya. Na kirawo wani dattijon magini, na ce masa, "Baba, duba mana ɓarnar da damanar nan ta yi." Ya zaga ya ƙwanƙwasa bango, ya ce, "Malam, kada ka ɗauki alhakin damana. Shekarun da aka yi ba a yi wa katangar nan yaɓe ba, su suka cinye ta." Da ya gama lissafi sai na ga albashin malamin Larabci na wata biyu ba zai rufe aikin ba.

Na tafi wurin wana domin mu haɗa ƙarfi. Ya saurare ni har na kai aya, sa'an nan ya ce, "Kai ne ka yi karatu, amma ni abin da na ji ga malamai shi ne duniya ba wurin zama ba ce. Don me za mu yi ta zuba dukiya cikin ƙasa, alhali gobe ƙasar ce za ta rufe mu?" Ban iya ba shi amsa nan take ba, domin maganarsa ba ta rasa tushe ba.

Lalle Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce Abdullahi ɗan Amru yana gyaran wata bukkarsu da ta lalace, sai ya tunatar da shi cewa ajali ya fi wannan aiki gaggawa. Haka kuma Buhari ya kawo labarin sahabi Habbabu ɗan Aratti, wanda aka iske yana ginin katanga, ya bayyana cewa ana ba Musulmi lada a kan duk abin da ya ciyar ban da abin da ya zuba cikin turɓaya. Wanda ya tsaya ga zahirin waɗannan ruwayoyi zai zaci barin gida ya rushe shi ne tsoron Allah.

To, amma malamai ba su fahimce su haka ba. Sun ce ruwayar farko gargaɗi ce game da dogon buri, kada aikin hannu ya mantar da zuciya lahira, kuma ba a ce da Abdullahi ya bar gyaran ba. Ta biyu kuwa sun ɗauke ta a kan ginin da ya wuce bukata. Ai Annabi da kansa ya ɗauki tubali tare da sahabbansa a ginin masallacin Madina. Kuma a cikin Suratul Kahfi Allah Ta'ala Ya ba mu labarin bawanSa Haliru, wanda shi da Annabi Musa suka iske wani bango yana shirin faɗuwa a garin da mutanensa suka ƙi saukar da su, ya tayar da shi ba tare da karɓar lada ba, domin a ƙarƙashinsa akwai dukiyar wasu marayu biyu waɗanda ubansu mutumin kirki ne. Ashe tayar da bango yana iya zama aikin bayin Allah na ƙwarai, idan akwai hakkin wani a bayansa.

Nan ne mabuɗin al'amarin yake. Abin tambaya shi ne: wa zai cutu idan ba a yi gyaran ba? Zuhudu, watau gudun duniya, abu ne da mutum yake yi da hakkin kansa. Wanda ya ga dama ya kwana a kan tabarma ya bar katifa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma ba a yin gudun duniya da hakkin wani. Mazauni yana cikin abin da shari'a ta ɗora wa miji game da matarsa, kamar ci da tufafi, kuma ɗakin da ruwa ke zuba a kan jariri bai cika sunan mazauni ba. Tsohuwar da ke kwana da ƙwarya a hannu ba ita ta zaɓi wannan zuhudu ba. Maƙwabci ma yana da nasa hakki. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun bayyana cewa idan bango ya karkata, aka gargaɗi mai shi a gaban shaidu, ya sami halin gyarawa ya ƙi, har ya faɗa wa mutum ko dabba ko dukiya, to lamunin abin da ya halaka yana wuyansa. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ɗalibai ke karantawa a kowane zaure a ƙasar nan, an yi bayanin cewa idan mutum biyu suka mallaki gini, ɗaya ƙasa ɗaya sama, ana tilasta wa na ƙasa ya gyara nasa ko ya sayar wa wanda zai gyara. Ko a babin wakafi, malamai sun ce da gyaran ginin ake farawa daga kuɗin da yake samarwa kafin a raba wa waɗanda aka yi wakafin dominsu. Addinin da ya tsara waɗannan hukunce-hukunce bai ɗauki gyara wasa ba.

Magabatanmu na wannan yanki sun san haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno, ya rasu a can a 1837 kuma can hubbarensa yake, ba wanda zai zarge shi da son duniya. Duk da haka a cikin littafinsa Usulus Siyasa ya lissafa kula da masu sana'a, da gina garuruwa masu ganuwa, da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin abubuwan da ke kan shugaba. Garuruwan da aka gina da ƙasa tun wancan zamani ba ƙarfin tubali ne ya kawo su yau ba, hannun da ke komawa kansu kowace shekara ne. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka gina a 1907 yana tsaye ne saboda duk shekara mutanen gari, babba da yaro, sukan fito rana ɗaya su sake masa yaɓe.

To, me ya sa abin da kakanninmu suka ɗauka cikin sauƙi ya zame mana kaya? Dalili na farko shi ne jinkiri. Ginin ƙasa yana son a duba shi bayan kaka: a toshe tsaga, a share bakin indararo, a ƙara ƙasa a gindin bango inda ruwa ke ci, a duba azara ko gara ta shiga. Tsagar da kwandon ƙasa ɗaya zai toshe bana, baɗi sai an tayar da bango sukutum. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, gayya ta yi rauni. A da dangi da maƙwabta ke taruwa su kwaɓa ƙasa, mata su yi daɓe, mai gida ya ba da fura da goro. Yanzu samari sun tafi birni da ci-rani, kowane kwando sai an biya lebura. Na uku, kayan aikin da daji ke bayarwa sun yi ƙaranci: giginyar da ake faskara azara ta ragu, makubar ɗorawa da ake shafe bango da ita don kare ruwa ta zama sai an nema. Muka koma ga siminti da kwano da katako da ƙusa, waɗanda farashinsu ke bin kuɗin mai da darajar Naira. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar Naira da ta biyo baya, buhun simintin da ake saye wajen Naira 5,000 ya haye Naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Wani abin takaici kuma, da yawa mukan shafa siminti a kan bangon ƙasa muna zaton mun huta, alhali ba sa kama juna sosai: ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar bushewa, ya ci ƙasar daga ciki, wata rana fatar simintin ta zubo gaba ɗaya. Ga kuma ambaliya. Mutanen Goronyo da Wurno da Rabah ba su manta da ta watan Satumba na 2010 ba, wadda ta rusa gidaje ta cinye gonaki a bakin gulbin Rima.

Dalili na huɗu ya fi sauran ciwo, domin daga gare mu yake, watau barin gado ba a raba ba. Uba ya rasu shekara ashirin, gida na kowa ne a wajen suna, amma ba na kowa ba ne ranar gyara. Wanda ke ciki ya ce ba zai kashe kuɗinsa a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba, na birni ya ce ai ba shi ke kwana ciki ba, mata da marayu kuwa ba a ma tambayarsu. Da an bayyana rabon kowa kamar yadda Allah Ya hukunta, da kowa ya san abin da ke kansa.

Sai dai kada mai karatu ya zaci ina cewa a yi ta kashe kuɗi ba iyaka. Gyara yana da haddi. Wanda ya toshe yoyo, ya tayar da katangar da ke suturta iyalinsa, ya gyara makewayi, ya sauke wajibi. Wanda Allah Ya yalwata wa, ya ƙawata gidansa da halalinsa ba da nufin fahariya ba, babu laifi a kansa. Amma wanda ya ci bashi da ruwa, ko ya taɓa dukiyar marayu, ko ya sayar da hatsin da iyalinsa za su ci, ko ya cire yaro daga makaranta, don dai a ce ƙofar gidansa ta yi daidai da ta wane, wannan shi ne wanda maganar Habbabu ta hau kansa.

Idan hali ya kasa fa? Amsar tana cikin tarihin Ɗakin Allah. Shekara biyar kafin aiko Annabi, bayan ambaliya ta raunana Ka'aba, Ƙuraishawa suka tashi sake gina ta, suka yi sharaɗi ba za a sa kuɗin riba ko na zalunci ko na alfasha ba. Kuɗin halal ya kasa, sai suka rage ginin, suka bar wani sashe a waje, shi ne Hijiru Isma'ila da alhazai ke kewayawa ta bayansa a ɗawafi har yau. Mutanen da ba su riga sun ga hasken Musulunci ba sun gwammace su rage Ɗakin Allah da su cika shi da haram. Ina ga gidana da naka? Babu kunya ga mutum ya mayar da gidansa daidai ƙarfinsa, daidai ruwa daidai tsaki.

Da wannan na koma wurin wana, na ce, "Yaya, gaskiyarka, duniya ba wurin zama ba ce. Amma Gwaggo tana cikinta tukuna, kuma za a tambaye mu game da ita." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a tara magada. Muka kirawo har 'yan'uwanmu mata, aka bayyana rabon kowa a gaban liman da shaidu. Da yardar kowa muka rushe ɗakuna biyu da ba mai kwana cikinsu, aka sake kwaɓa ƙasarsu aka tayar da katanga, azarorinsu masu sauran ƙarfi aka gyara rufin Gwaggo da su. Muka kuma yi alkawarin kowa zai riƙa ajiye wani abu bayan kaka gwargwadon rabonsa, yaranmu kuma su fito yaɓe da hannunsu, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan ya ragu da ɗaki biyu, amma bana Gwaggo ta yi barci a damana.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin hadari ya sake haɗuwa a gabas, zaga gidanka ka duba. Abin da ke hakkin wani ne, gaggauta shi. Abin da ke na ado ne, jira sai ka samu. Abin da ya fi ƙarfinka kuma, rage shi, kada ka nemi haram dominsa. In kana cikin kwaɓa ƙasa ka tuna daga ita aka yi ka, kuma gare ta za ka koma, sai aikin ya zame maka wa'azi da lada gaba ɗaya.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu cika da imani, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.